Yadda Ake Samun Izinin Farautar Mus a Arewacin Suwidin

Mus, wadda mutanen Suwidin suke kira älg, ita ce mafi girma a dangin barewa, kuma a lardunan arewa irin su Norrbotten da Västerbotten ana buɗe farautarta ne ranar 1 ga Satumba, alhali a kudancin ƙasar sai 8 ga Oktoba. Wanda ya fara shiri a watan Agusta ya riga ya makara.

Da farko sai ka ci jarrabawar mafarauta, wato jägarexamen, wadda ta haɗa da rubutu da gwajin harbi. Da shaidarta za ka nemi lasisin bindiga a wurin 'yan sanda, kuma wajibi ne ka tanadi akwatin ƙarfe na ajiyar makami wanda doka ta amince da shi. Ba a harbin mus sai da bindigar aji na ɗaya, wato ajin da ya fi ƙarfi a rabe-raben bindigogin farauta na ƙasar. Ni ina ganin bindiga mai cin harsashi samfurin 6.5x55 ta ishi sabon shiga, domin ba ta dukan kafaɗa sosai kuma harsashinta ba ya wuyar samu. Bayan haka sai katin farauta na gwamnati daga hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato Naturvårdsverket, kuɗinsa kurona 400 na kuɗin Suwidin, yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni.

A nan ne akasarin sababbi suke tuntuɓe, ni ma a nan na faɗi. Wannan kati ba ya ba ka damar harbin komai a dajin kowa. Haƙƙin farauta na mai ƙasa ne, ko dai manomi ko kamfanin daji irin Sveaskog, kuma yawanci an riga an bayar da hayarsa ga ƙungiyoyin mafarauta waɗanda suka shekara da shekaru tare. A shekarata ta farko ina da bindiga, ina da kati, amma kaka ta zo ta wuce ban taka daji ba, saboda sai a ƙarshen bazara na fara neman ƙungiya. Abin da ya kamata shi ne ka fara tun cikin hunturu, ka nemi a karɓe ka a matsayin baƙo, ka yarda da jan gawar dabba daga fadama da aikin fiɗa ba tare da gunaguni ba. Ka kuma ci gwajin harbin hoton mus mai gudu a filin atisaye, domin ko da yake doka ba ta tilasta shi ba, ƙungiyoyi da yawa ba sa ba mutum wurin tsayuwa sai da shi.

Idan ka samu shiga, ka saurari shugaban farauta da kyau kowace safiya, domin shi ne yake sanar da abin da ya rage a cikin kason da hukumar lardi ta amince wa yankin, manya nawa, 'ya'ya nawa. Idan mace ta fito da ɗanta a bayanta, ɗan ake fara harbi. Wanda bai tabbatar da abin da yake gani ba, ya sauke bindigarsa.

Dole ne a iya kawo karen bin sawu cikin awa biyu idan an raunata dabba. Bayan an kashe, a kai rahoto cikin mako biyu, a biya kuɗin da aka yanka a kan kowace mus, sannan a raba nama bisa tsarin ƙungiya.