Ga masu noman taba a fadamar Sakkwato

'Yan uwa, kada ku tsige ganyen taba gaba ɗaya. Ku fara da na ƙasa in ya soma zama ruwan ɗorawa, bayan raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙen ganye na sa jiri da tashin zuciya in ya taɓa fata. A soke su a igiya, a rataye cikin rumfa. Bara na shanya tawa a rana, iskar hunturu ta mayar da ita kamar takarda, tana marmashewa a hannu, har yanzu abin na yi mini ciwo. Yanzu da asuba nake sauke ta, na jera cikin buhun algarara, ban da leda, tana kawo fumfuna. Wurin daka kuwa, kanwa 'yar kaɗan ta isa.