Yadda Za Ka Kare Bayanka Daga Ciwo a Harkokin Yau da Kullum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano wata cuta takamaimiya da ta jawo shi. Yawanci tsokoki ne da jijiyoyi suka gaji. Ƙasusuwa biyar na ƙugu ne ke tallafe da nauyin jiki daga sama, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai laushi da ke hana su gogar juna. Jini ba ya isa cikin faifan nan sosai, motsi ne ke kai masa ruwa da abin da zai rayu da shi. Baya kuwa ba abin da ya tsana kamar a bar shi wuri ɗaya.

Mataki na farko: ka daina daɗewa a zaune. Mutane na yawan tambayar wace kujera ce ta fi kyau, amma ni a ganina ko kujerar zinariya ce, in ka yi awa uku a kanta ba ka motsa ba, sai ƙugunka ya yi tsami. Duk bayan rabin awa ka miƙe, ka yi miƙa, ka ɗan zaga. In kana zaune, tafin ƙafarka ya taka ƙasa, ƙugunka ya jingina, allon kwamfuta ya yi daidai da idonka. Waya ma ɗago ta za ka yi, ba kai za ka sunkuya mata ba. In kana tuƙi mai nisa, tsaya a hanya ka taka ƙasa.

Mataki na biyu, wanda a nan ne mutane da yawa ke jin ciwo farat ɗaya: ɗaukar kaya. Matso kusa da kayan, ka ware ƙafafu, ka lanƙwasa gwiwa ka tsuguna maimakon ka sunkuya daga ƙugu. Rungumo kayan jikinka, sannan ka miƙe da ƙarfin cinyoyi. Duk sanda kaya ya yi nesa da jiki, nauyinsa a kan ƙugu ƙaruwa yake yi. Abin da ya fi haɗari shi ne murɗa jiki da kaya a hannu. In za ka juya, ƙafafu za ka juya gaba ɗaya. Kaya ya fi ƙarfinka? Raba shi biyu ko ka nemi hannu, babu kunya a ciki.

Na uku, ƙarfafa tsokokin ciki da na baya, domin su ne ɗamarar da ke riƙe ƙashin. Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwa, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka riƙe na daƙiƙa biyar, ka sauke a hankali, sau goma. Haɗa da tafiya da sauri ko iyo, aƙalla minti 150 a mako. Fara kaɗan-kaɗan.

Wajen barci, in a gefe kake kwanciya, sa filo tsakanin gwiwoyi. In rigingine, sa shi ƙarƙashinsu. Katifar da ta lotsa a tsakiya ta gama aikinta.

Teɓa na jan ƙugu gaba, taba sigari kuma na rage jinin da ke kaiwa ga faifan baya. Duka biyun a rage, tabar ma a bar ta.

In ciwon ya riga ya zo, kada ka shafe kwanaki a gado. Gasa wurin da ruwan ɗumi, ka ci gaba da ƙananan ayyuka, yawanci cikin 'yan makonni yake lafawa. Amma ka garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba in ƙafa ta yi sanyi ko ta rasa ƙarfi, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓawa, in fitsari ko bayan gida na kufce maka, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko ya zo da zazzaɓi ko rama ba dalili.