Yadda ake tashin jirgi maras matuƙi a Amurka ba tare da an taka doka ba

Mai ɗaukar hoton biki da ya sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi a Amurka zai tarar iyayen gida biyu gare shi. Sama ta gwamnatin tarayya ce, a hannun hukumar jiragen sama ta FAA. Amma ƙasar da kake tsaye a kai da abin da kyamararka take kallo, wannan hurumin jiha ne, wani lokaci har da ƙaramar hukuma. Wasu masu shiga matsala sun gama da uban gida na farko ne suka manta da na biyu.

Ka fara da tambayar kanka: nishaɗi kake yi ko sana'a? In nishaɗi ne zalla, gwajin TRUST ya ishe ka, kyauta ne, a intanet ake yi. In kuwa aiki ne, ko da ba a ba ka ko sisi ba, ka faɗa ƙarƙashin dokar Part 107 da ta fara aiki a watan Agustan 2016. Sai ka kai shekara 16, kana jin Turanci, ka zauna jarrabawa mai tambayoyi 60 ka ci kashi 70 cikin ɗari, hukumar tsaron sufuri ta TSA ta binciki tarihinka, sannan a ba ka lasisi. Bayan kowane wata 24 kuma ka sabunta horo.

Daga nan sai rajista a shafin FAADroneZone, dala 5 na shekara uku. Mai nishaɗi da jirginsa bai kai giram 250 ba an ɗauke masa, mai sana'a kuwa kome ƙanƙantar jirgin sai ya yi. Ka rubuta lambar a jikinsa, ka kuma tabbatar yana da Remote ID, wato siginar da ke sanar da inda jirgin yake da inda mai shi yake. Tun Maris 2024 hukuma ta daina kau da kai a kan wannan.

Mataki na uku, duba sama kafin ka bar gida. Manhajojin B4UFLY za su nuna maka inda aka hana. Kusa da filin jirgin sama sai ka nemi izini ta tsarin LAANC, wanda sau da yawa ba ya ɗaukar lokaci. Kada ka wuce ƙafa 400, kada jirgin ya ɓace wa idonka. Filin wasa mai kujeru 30,000 zuwa sama an killace shi mil uku lokacin manyan wasanni, daga awa ɗaya kafin a fara zuwa awa ɗaya bayan an tashi. Gandun shaƙatawa na tarayya an hana tun 2014. Tsakiyar Washington kuwa kada ma ka fara.

Mataki na huɗu shi ne inda gizo ke saƙa. FAA ba ruwanta da sirrin mutane, tsaron sama kawai ta sa a gaba, saboda haka lasisinka ba zai kare ka ba in maƙwabci ya kai ƙara. Sai ka nemi dokar jihar da kake ciki ka karanta, domin kowace da irin tata. A Kalifoniya, inda masu farautar hotunan taurari suka addabi mutane, an gyara doka a 2015 ta yadda shiga saman gidan wani don ɗaukar harkokinsa na iyali ya zama kutse, kuma ana iya cin ka tara mai nauyi. Fulorida ta hana ɗaukar hoton gida ko mazauninsa da niyyar sa ido, matuƙar wurin ba ya ganuwa ga wanda ke tsaye a ƙasa. Wato katanga ta isa shaida cewa mai gida ba ya son a leƙa. Ta Texas ta fi tsauri, tun 2013 take. 'Yan jarida sun kai ta kotu sun yi nasara a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da ita a 2023. A birnin New York kuma, tashi da sauka ma sai da izinin 'yan sanda.

Ba kuwa duk abin da gari ya rubuta ne yake tsayawa ba. A 2017 kotun tarayya ta soke sassan dokar garin Newton na jihar Massachusetts, wadda ta hana wucewa ta saman gidajen mutane ƙasa da ƙafa 400 ba izini, domin ta shiga gonar FAA. To amma ina iyakar saman mai gida? Shari'ar da har yau ake komawa gare ta ta 1946 ce, ta wani mai kiwon kaji a North Carolina da jiragen soja ke ratsa gonarsa a ƙafa 83, kaji suna firgita suna buga kansu da bango suna mutuwa. Kotun Ƙoli ta ce yana da haƙƙi a saman da ke dab da filinsa, ba ta dai yanka layi ba. A ganina, wanda ya dogara da wannan giɓi yana shawagi a kan tsakar gidan mutane, rigima yake saye da kuɗinsa.

Ranar aiki, ka samu izinin mai wurin da za ka tashi, a rubuce in da hali. Ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta ka gaya musu biki ake yi, ƙarfe kaza zuwa kaza. Ka karkata kyamara daga tagogi da tsakar gida, abin da ya shigo bisa kuskure ka goge. In wani ya fito a fusace, sauke jirgin tukuna sannan a yi magana. Harbo jirgi laifi ne na tarayya mai ɗaurin da zai iya kai shekara 20, amma wannan bayani na ɗan sanda ne, ba naka ba. Kai dai lasisi da takardar rajista su kasance a aljihunka.