Yadda za ka kare kanka daga 'yan fashi da masu ƙwacen mota

Yawancin sababbin direbobin da na zauna a gefensu, tsoronsu duk yana kan babbar hanya da dare. Suna isowa layin gidansu sai su saki jiki, su ɗauki waya. Alhali mai ƙwacen mota ya fi son motar da ta tsaya: a ƙofar gida, a danja, a gidan mai, a wurin fakin.

Fara tun daga shiga mota. Makulli ya kasance a hannunka kafin ka ƙaraso, ka leƙa kujerar baya, ka shiga, ka kulle ƙofofi, ka tashi. Kada ka zauna kana amsa saƙo. Jaka da kwamfuta a but za su zauna, don abin da ake hangowa ta gilashi shi ke jawo ɓarawon da bai ma yi niyyar motarka ba.

A danja ko cunkoso, tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa kwalta. Wannan tazarar ce za ta ba ka damar karya sitiyari ka fice ba tare da ribas ba. Za a yi maka hon, wani ma zai kutso cikin gurbin, ka ƙyale shi. Ni ba na bin layin gefe idan akwai na tsakiya, domin mai tahowa a ƙafa daga gefen hanya yake fitowa.

Tun saura 'yan layuka ka isa gida ka fara duba madubi. Idan wata mota ko babur ta manne maka, yi kwana dama sau huɗu a jere. Hakan zai dawo da kai inda ka fara, kuma babu mai tafiyarsa ta gaskiya da zai yi wannan zagayen tare da kai. In har yana nan, wuce gidanka kamar ba ka san shi ba, ka nufi ofishin 'yan sanda ko wuri mai haske da jama'a. Ko ba a bin ka, kada ka cusa hancin mota a get alhali yana rufe, domin mota ɗaya ta tsaya a bayanka, shi ke nan an toshe ka. Tsaya a gefen titi, motar tana kallon hanya, sai an buɗe sannan ka shiga.

Akwai dabarun tsayar da mutum. A ɗan bugi motarka ta baya don ka fito duba ɓarna, ko a yi ta nuna maka taya, ko a watsa ƙusoshi da duwatsu a hanya. Idan wurin ba kowa, kada ka fito. Kunna fitilun gargaɗi, ka ci gaba a hankali zuwa inda akwai mutane, ko da tayar ta sace. Taya da ƙarfenta za su lalace, za ka kashe kuɗi, amma ana sayen wasu.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, wato lokacin da bindiga ta riga ta zo gilashi. A nan maganar gudu ta ƙare. Wanda ke riƙe da ita a tsorace yake, yana sauri, wataƙila ma ya sha wani abu, kuma hannuwanka kawai yake kallo. Ɗaga su a saitin sitiyari, tafukan a buɗe. Matsalar ita ce kusan duk abin da za ka yi don ka bi umarninsa, sai hannunka ya yi ƙasa. Maɓallin bel yana daidai ƙugu, inda mai makami ke ɓoye makaminsa. Mutum ya ji an ce fito, sai ya kai hannu ƙugu da sauri don ya nuna biyayya, ɗan fashi kuwa ya ɗauka bindiga zai zaro. Saboda haka faɗi kafin ka yi. “Zan cire bel.” Ka jira ya ji, ka sauke hannu ɗaya a hankali, ɗayan yana sama. Haka za ka yi wajen jan birkin hannu da mayar da giya firi, ko P idan atomatik ce. Kada ka manta da wannan, don motar da aka bari a giya tana motsawa da zarar ka ɗaga ƙafa, shi kuma zai ɗauka gudu za ka yi. Bar injin a kunne, makulli a ciki. Kada ka ƙura masa ido, zai ɗauka haddace fuskarsa kake yi. Kada ka roƙi waya ko takardu.

Abu ɗaya ne za ka yi magana a kansa, shi ne yara. Faɗa da murya a fili tun farko: “Akwai yaro a baya, zan ɗauke shi, ku tafi da motar.” Ka gwada kwance jariri daga kujerarsa a gida har hannunka ya saba, kuma ka koya wa manyan yaran su fito ta ƙofar da kake su tsaya a bayanka. Yi wannan gwajin na bel da giya kai ma, a motar da ke fake, kana furta kalmomin da bakinka. Wanda bai taɓa gwadawa ba, hannunsa ke riga bakinsa.

Da sun tafi, matsa daga titi, kada ka bi su. Ari waya ka kira 'yan sanda, sannan kamfanin na'urar bin diddigi idan ka sa ta, sannan banki a rufe katunanka, da kamfanin waya a toshe layinka. Rubuta abin da ka tuna nan take: su nawa ne, irin tufafinsu, motar da suka zo da ita, inda suka nufa. Lambar motarka da ta injin da ta shasi su kasance a rubuce a gida, tare da kwafin takardu, don 'yan sanda da kamfanin inshora za su nema.