Idan kafso ya daina aiki, ga abin da za ka yi

Jama'ar Damagaram, wannan mikin ko zafin fitsarin da kake ta shan amoksisilin sati biyu ya ƙi warkewa, mai yiwuwa ƙwayar cuta ta bakteriya ce ta koyi kare kanta daga maganin. A 2019 kaɗai irin wannan ya kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi jin jiki.

Da farko dai ka bar sayen kafso wajen mai tebur a Kasuwar Dole. Je asibiti ka roƙi likita ya rubuta maka antibiyogram, za su ɗauki fitsari ko mugunya su kai labo su raini ƙwayar kwana biyu zuwa uku, sai su gwada ta da magunguna daban-daban a ga wanda ke kashe ta. Wanda aka rubuta shi za ka sha, daidai kwanakin da aka ce, kar ka raba da maƙwabci.

Mura ba ta buƙatar antibiyotik sam, wato magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin. Zawon yara ma galibi maganinsa ruwan SRO ne (ruwan gishiri da sukari) da zinki na kwana 10 zuwa 14, sannan iyaye mata don Allah a kai yara rigakafi.

Sai maganar faj, wato bakteriyofaj, abin da ya fi burge ni ke nan. Wani bairos ne da bakteriya kawai yake kamawa, ya shiga cikinta ya hayayyafa har ta fashe, kuma a ruwan kwata ma ana samunsa. Masanin ƙwayoyin cuta Félix d'Hérelle ya ba shi suna a 1917, cibiyar Eliava da ke Tbilisi a ƙasar Jojiya tana aiki da shi tun 1923, Beljiyam kuma tun 2018 ta yarda a haɗa wa majinyaci nasa a farmasin asibiti. Amma fa kowane faj da irin ƙwayar da yake ci, shi ya sa in duk magunguna sun gaza sai ka tambayi likita ko labo za ta iya adana ƙwayar taka, don da ita ake neman faj ɗin da ya dace, kuma likita ne ke tuntuɓar irin waɗannan cibiyoyi. Duk wanda ya tallata maka faj a kwalba a kasuwa ko WhatsApp, riƙe kuɗinka.