Yadda Ake Rainon Agaben Hamada a Ƙasar Marwa

Agaben hamada, wanda masana tsirrai suke kira Agave deserti, asalinsa daga hamadar Sonora ne, a kudancin Kaliforniya da Arizona ta Amurka da kuma arewa maso yammacin Meksiko. Wanda bai san shi ba zai ɗauka alobera ne, sai dai ganyensa ya fi tauri, launinsa toka-toka, ga ƙayoyi a gefuna da wata doguwar ƙaya mai tsini a baki.

Zafin bazara na watan Afrilu, wanda yake haura digiri 40, ba ya damunsa. Abin da yake kashe shi a nan shi ne damina, domin Marwa, da ke arewacin Kamaru, tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, alhali inda ya fito ruwan bai kai rabin haka ba. Na farkon da na dasa, a baƙar lakar nan da ake kira karal na sa shi, wadda take riƙe ruwa kwana da kwanaki. Kafin watan Agusta ya fita tsakiyarsa ta yi laushi, da na ja ganye ɗaya sai ya biyo hannuna yana wari.

Saboda haka ƙasa ce abu na farko da za a gyara. A samo yashi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake ɗiba a kogin Mayo Kaliyawo na Marwa lokacin rani, a haɗa kashi biyu nasa da kashi ɗaya na tsakuwa da kashi ɗaya na jigawa. Taki kaɗan ya isa, kuma ya zama busasshe wanda ya daɗe. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana tsotse danshi. A huda gindinta, a ɗora ta bisa bulo biyu yadda ruwa zai zube kuma gara ba za ta samu hanya da sauƙi ba. Wanda ya fi son dasawa a tsakar gida, ya tara tudu ya dasa a kansa, nesa da indararo da kuma inda yara suke wasa.

Ana samun iri daga 'ya'yan da suke fitowa a gindin uwar. A yanke ɗan da wuƙa mai tsabta tare da ɗan saiwarsa, a ajiye shi a inuwa kamar kwana 5 har wurin yankan ya bushe, sannan a dasa ba tare da an binne wuyansa ba. Kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda. A sa safar hannu, domin ruwan ganyen yana sa ƙaiƙayi.

Da bazara a shayar da shi sau ɗaya cikin mako biyu ko uku, a gefen tukunya, ba a tsakiyar ganye ba. Da hunturu sau ɗaya a wata ya wadatar. Idan damina ta kankama, a janye tukunyar zuwa bakin rumfa inda haske yake shiga amma ruwa ba ya dukanta.

Girmansa a hankali yake, kuma sau ɗaya tak yake fure, galibi bayan shekara 20 ko fiye. A lokacin sai ya fitar da kara mai tsawon mita 2 zuwa 6 ɗauke da furanni ruwan ɗorawa, daga nan uwar ta bushe, a cire ta a bar wa 'ya'yan wurin.