Yadda Ake Zaɓar Na'urar Ɗumama Gida Marar Bututun Iska a Ƙasashen Ƙanƙara

In ka sayi gida a Kanada ko arewacin Amurka, na'urar da masu sayarwa ke kira mini-split ba za ta yi maka baƙunta ba. Siffar iyakwandishan ɗin da muka saba da shi gare ta: inji a waje, kai a bangon ɗaki, siririn bututun gas tsakaninsu. Sai dai ita tana juya aikin, ta tatso zafi daga iskar waje ta shigo da shi. Jihar Maine ta Amurka ta cika burinta na kafa guda 100,000 a 2023, shekara biyu kafin wa'adi, kuma Maine ba wurin wasa ba ce da hunturu.

Fara da sanin sanyin garinka, wato dare mafi tsanani, domin ko a Kanada sanyin biranen Winnipeg da Halifax ba ɗaya ba ne.

Daga nan sai takardar bayanan injin, kuma nan ake yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. Babbar lambar ƙarfin ɗumama da ke jikin kwali an auna ta ne a kusan maki 8 na Selshiyos, yanayin da kowace na'ura za ta yi abin kirki. Kai ka nemi ƙarfinta a maki 15 ƙasa da sifili. Wadda aka ƙera don sanyi tana riƙe yawancin ƙarfinta a nan, wasu ma suna aiki har 25 ƙasa da sifili. Ƙungiyar NEEP, mai aikin tsimin makamashi a Amurka, tana da jerin irin waɗannan a intanet. Duba lambar COP, wato ninkin zafin da na'ura ke bayarwa kan wutar da ta ci: kada ta gaza 1.75 a wannan sanyin.

Girma kuwa, kada ka yarda da mai aikin da ya leƙa falo ya ce "wannan ta isa". Ka sa ya yi lissafin zafin da gidan ke zubarwa, Manual J a Amurka, F280 a Kanada. Wadda ta yi wa gida yawa sai ta riƙa kamawa tana tsayawa, ta ci wuta a banza.

Kan na'ura ɗaya ba ya ɗumama ɗakin da ƙofarsa ke rufe. A ganina, ƙananan injina biyu kowanne da kansa sun fi babba ɗaya mai kawuna huɗu. Ko ɗaya ya lalace a Janairu, kana da inda iyali za su kwana.

Injin waje a ɗaga shi sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, nesa da inda rufi ke ɗigo. In ka ga yana tururi, ruwa na zuba ƙarƙashinsa, narkar da ƙanƙarar jikinsa yake yi.

Kada ka cire tsohon injin ɗumamarka, musamman in akwai bututun ruwa a ɗakin ƙasa da zai iya daskarewa. Kuma tun kafin ka biya ka tambayi tallafin gwamnatin yankinka, don sau da yawa sai ma'aikaci mai rajista ya kafa ake bayarwa.